Malam Labbo Mai Shayar da Ƙarfe

Duk wanda ya saba bin hanyar Zurmi da sassafe, daidai inda gidajen Ƙaura suka ƙare gonaki suka fara, ya san dattijon nan ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mai hula ɗaya da ta ga shekaru. Idan ya dawo daga sallar asuba ba ya shiga cikin gida. Sai ya ɗauki bokiti ya zagaya bayan wata 'yar bukka da ke bakin gonarsa, ya tsuguna gaban wani turken jan ƙarfe da aka kafe a ƙasa, ya dinga zuba masa ruwa a hankali, yana jira ƙasa ta shanye kafin ya ƙara. Matan da ke wucewa zuwa rijiya sun daɗe da yanke masa hukunci, wai bawan Allah ƙarfe ya shuka yana jiran ya tsiro. Shi kuwa bai taɓa gyara musu zance ba, gaisuwa kawai yake amsawa ya ci gaba da zuba ruwansa.

In ya gama sai ya shiga bukkar, ya zauna kan buzu, ya kunna wani tsohon rediyo mai maɓallai da yawa, irin wanda ake ji da shi kuma ake magana da shi. Ya ɗora abin sauraro a kunne ya lumshe ido. Daga nan har rana ta fito sosai, Malam Labbo ba ya Ƙaura. Jikinsa ne dai a kan buzun.

Bana ya naɗe wayoyinsa ya ce ya huta. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi, tun yana raye, tun shaidu suna nan.

Ma'aikacin reluwe ne a da, ɓangaren wayar tangaraho. Aikinsa bin layin dogo a ƙafa, yana duba turaku, yana ɗaure inda waya ta tsinke. Ƙaura kuwa nan dogo ya ƙare, jirgi ba ya wuce nan. Abokan aikinsa sun ce tun yana saurayi in an tashi daga aiki sai ya je ya tsaya a ƙarshen ƙarfen dogon, ya zuba wa arewa ido kamar wanda aka yi wa alkawari. Wani tsohon injiniya ne ya lura da shi, ya koya masa yadda masu sha'awar rediyo ke gaisawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da waya ta haɗa su ba, ya taimake shi har ya samu lasin. Da jiragen suka ja baya, tangaraho ya yi shiru, sai Labbo ya yi ritaya ya koma gona da rediyonsa.

Abin da ya fi kowa iyawa shi ne ji. Yakan ce, "Magana ba wuya, kowa ad da batir yana yin ta. Ji shi na aiki." Muryoyin da yake nema ba irin na gidajen rediyon nan ba ne masu cika kasuwa. Muryoyi ne na mutum ɗaya a wani lungun duniya da 'yar na'urarsa, waɗanda ba sa tafiya da rana tsaka, sai gari ya fara wayewa ko rana ta faɗi. Kuma ba eriyar da ake ɗaurewa a kan gora ke kamo su ba. Da zarar an gama girbi an kwashe kara, sai ya kafa sanduna a jere cikin gonaki, ya ja waya doguwa a kansu, taku ɗari biyar, miƙe sak zuwa inda yake son ji. Tsayinta daga ƙasa bai wuce a ce mutum ya wuce da kaya a ka ba. Shanu na wucewa lafiya. Raƙuma ne ba su taɓa fahimtar tsarin ba, sau uku suna tafiya masa da ita.

A can ƙarshen wayar yakan ɗaura wani ɗan abu mai ratsi-ratsi, bai fi ƙwayar wake ba, wai shi razista, ya haɗa shi da wani turken jan ƙarfe a ƙasa. Wanda ya tambaye shi amfanin haka ya samu karatu kyauta, ko yana so ko ba ya so.

"Waya na jin abin da ke gabanta," in ji shi. "Amma hayaniyar da ke bayanta ita ma tana shiga, ta bi ta har ƙarshe. In ƙasar can da danshi, sai ta shanye hayaniyar, ta wuce abinta. In ta bushe, ba ta da wurin zuwa, sai ta juyo ta dawo ma cikin kunne."

Wannan ne sirrin bokitin asuba. Kafin ya kafa kowane turke sai ya haƙa rami ya zuba gawayi da gishiri, don su riƙe danshi. Matarsa Gimbiya ta shekara da shekaru tana zargin kanta da mantuwa kafin ta gano inda gishirinta ke zuwa. Ranar da ta kama shi da ƙwarya a hannu ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To Malam, in miyar ƙasa ta yi, a ɗebo muna mu ɗanɗana."

Ita kaɗai ta san abin da yake ji a bukkar nan, don ita yake ba labari. Ya ji wani mai gadin fitilar teku yana karanta wa abokinsa yanayin iska. Ya ji wani tsoho a ƙasar da ruwa ke daskarewa yana tari tsakanin kalma da kalma, har Labbo ya damu da shi, ya yi ta tambayar lafiyarsa shekara biyu. Akwai safiyar da ya ce ya ji ruwan sama yana sauka a wani gari mai nisa, a bayan muryar mutum, alhali nan Ƙaura ko gajimare babu. Ya ce ya daɗe yana sauraron ruwan nan, ya manta da mai maganar. Gimbiya takan ce mijinta bai taɓa wuce Kaduna ba, amma in ya fito daga bukka da safe idonsa na matafiyi ne.

Kada a ɗauka mafarki kawai ya iya. A Moriki akwai makarantar da tsawa ta faɗa wa sau biyu cikin damina uku, har iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa in hadari ya taso. Labbo ya je da turke da gawayinsa, ya ɗora ƙarfe a kan rufin, ya ja waya mai kauri zuwa ƙasa. Malaman suna nan, a tambaye su. Manoman da ya gyara wa rediyo ba su ƙirguwa, kuma mafi yawan lokuta gyaran bai wuce ya ce su ɗaura 'yar waya a ƙusa su soka a gindin randa ba. Da aka shiga gina sababbin masallatai, shi ake zuwa ɗauka a babur ya daidaita alƙibla, don an san babu wanda ya kai shi tsantseni wajen fuskantar da abu inda ya dace.

Kai ne, Malam Labbo, wanda ake tunawa da shi in abu ya lalace, a manta da shi in ya gyaru. Ba ka taɓa nuna ka lura da hakan ba.

Da aka ba mu jiha, kowa ya yi murna har da shi, amma kunnensa ya sha wuya. Gari ya cika da janareta da masu walda da injinan niƙa da 'yan kabu-kabu, kuma kowane ɗayansu yana da irin ƙarar da yake zubawa cikin rediyo. Sai ya sake wa wayarsa mazauni. Ya juya mata baya ga gari, ya fuskantar da ita arewa maso gabas, ta ƙetare wani kwazazzabo ta ƙare a Tungar Halilu, wani ɗan ƙauye mai masallacin ƙasa. Da gangan ya zaɓi wurin. A gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar masallacin nan ake alwala, ƙasar wurin ba ta bushewa rani da damina. Ya roƙi limamin, Malam Abdulhamid, izinin kafa turkensa a nan. Liman ya yarda, daga baya ma ya dinga cewa ƙarfen Labbo ya fi wasu samarin ƙauyen lazimtar masallaci.

A bazarar shekara ta dubu biyu da ɗaya, shekara guda da 'yan watanni da fara aiki da Shari'a, wata mata ta sauko daga motar mata ta Shinkafi, yayanta Amadu ya biyo ta a babur. Sunanta Rekiya, uwar 'ya'ya uku. Mijinta Sodangi direban babbar mota ne mai kai gero Agadas har gaba. Ya tafi watanni kaɗan kafin a ba da jiha, motar ta mutu a hamada, mutanen cikinta suka watse neman ruwa, shi ke nan. Wani ya ce an gan shi a Libiya. Wani ya ce ƙarya ne, rairayi ya rufe shi. Bayan shekara guda Amadu ya kai maganar gaban alƙali, aka bincika ba a samu komai ba, aka sa mata wa'adin shekara huɗu kamar yadda ake yi wa matar wanda ya ɓace. Wani falken shanu ne a Moriki ya ba su labarin tsohon da ke magana da mutanen hamada.

Ta zauna tare da Gimbiya a bayan asabari, Labbo da Amadu suna daga waje. Ta gaishe shi, sannan maganar ta fito gaba ɗaya.

"Baba, saura kwana arba'in da biyu. Alƙali ya ce in wa'adi ya cika in shiga takaba. To in yana da rai hwa? In yi ma mai rai takaba? In ko ya rasu, shekara biyar ke nan ban taɓa yi mai addu'ar mamaci ba, ko sau guda. In na buɗe baki sai tsoro shi kama ni. Ban san addu'ar da za ni yi mai ba, Baba. Ita ɗai nika son in sani."

Labbo ya tausaya mata ƙwarai, kuma ya ji tsoron kada ya sa mata rai a banza.

"Ɗiyata, ban yi miki alkawali ba," ya ce. "Amma akwai wanda za ni tambaya."

Wanda yake nufi wani ne Tambari, mai riƙe da rediyon wasu masu haƙa rijiyoyi can bayan Agadas. Duk Juma'a bayan magariba yakan ɗaura 'yar na'urarsa a batirin mota ya gaisa da duk wanda ya ji shi. Shi Tambari yana jin kowa, don inda yake babu janareta ko ɗaya. Tasa muryar ce siririya, in ta iso Ƙaura kamar zare ɗaya ne a cikin tsumma. A Juma'ar farko Labbo ya ba shi sunan Sodangi da kamanninsa, har da ɗan yatsan hagu da bel ɗin mota ya guntule. Tambari ya ce motarsu za ta zaga rijiyoyi, a ba shi mako uku.

Mako uku suka cika. Labbo ya yi sallar magariba ya shiga bukka, ya kunna rediyo, sai ya ji Ƙaura gaba ɗaya ta zubo masa cikin kunne: mai walda, injin niƙa, babura, duk abin da wayar ta shekara huɗu tana ba baya. A ƙarƙashin ƙarar yana jin Tambari na magana, magana mai tsawo, ba irin ta wanda bai samo komai ba. Ya tsinci "Sodangi", ya tsinci "rijiya". Ya ƙara murya har kansa ya ɗauki zafi, bai samu kalma ta uku ba. Ya roƙi Tambari ya maimaita, ya maimaita sau huɗu, har batirin motar Tambari ya yi sanyi.

Makon nan Labbo bai huta ba. Ya buɗe cikin rediyon ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ya canja batir. Ya tone turken bayan bukka ya sake masa gawayi. Safe da yamma abin sauraro na kunnensa, ƙarar na dukansa, yana gwada wannan yana gwada wancan. Ya tsaya a bakin gona ya hango wayarsa a kan sanduna lafiya lau har ta ɓace a ƙetaren kwazazzabo. Juma'a ta sake zagayowa, aka sake yin irin ta farko. Saura Juma'a ɗaya kafin wa'adi.

A nan dole a faɗi gaskiya, malamin da ke koya wa kowa zancen danshi shi ne ya zargi komai ban da ƙarshen wayarsa. Gwiwa ta dame shi a shekarar, ƙetare kwazazzabon nan aiki ne, kuma a ransa wurin alwala ba ya bushewa. Sai da dabara ta ƙare masa, ranar Asabar da hantsi, ya ɗauki sanda ya bi wayar taku-taku kamar zamanin reluwe.

Da ya hau tudun Tungar Halilu bai gane masallacin ba. An yi masa rufin kwano, an shafe shi da farin fenti. Mutanen ƙauyen sun ga kowa na gyara masallacinsa, su ma suka yi gayya. Wurin alwala ya sha siminti sumul, da 'yan kujeru a jere, da magudana mai kai ruwan can wani rami a bayan gari. Turkensa kuwa ba su cire shi ba, girmama shi suka yi. Sun zagaye shi da siminti, suka yi masa ɗan dakali don kada wani ya yi tuntuɓe, suka shafe shi da koren fenti har kan ɗan razistan.

Liman ya fito da fara'arsa. "Malam Labbo! Ka ga ƙarhenka? Cewa munka yi ba mu gyara namu mu bar naka cikin caɓi ba."

Labbo ya tsuguna ya dafa turken. Zafi rau, ko alamar danshi babu. Ya ce daga baya bai taɓa jin dariya da kuka sun zo masa lokaci ɗaya kamar ranar ba. Ya yi godiya tukuna, don alheri aka nufa. Sannan ya zauna ya ba su labarin Rekiya, da abin da caɓin nan yake yi wanda ba su sani ba.

Wani ya ce a kawo diga a fasa simintin. Labbo ya ce a'a, aikin da mutane suka yi don Allah ba za a fasa shi don wayarsa ba. Yana da wani turke a gida, za a kafa shi a gefe, a ƙasa tsura. Matsalar ita ce bazara ce, ƙasar ta yi tauri, kuma ba bokiti ɗaya ko goma ke jiƙa ta har ciki ba, sai an yi kwanaki ana ba ta kaɗan-kaɗan. Rijiyar ƙauyen kuwa ta ja baya, mata na kwana biyu ba su yi wanki ba. Babu mai bakin da zai ce a ɗebi ruwan sha a ba ƙarfe.

Liman ya yi ta shafa gemu, can ya ce, "Ruwan alwala dai dole a zubar da shi, ko ba haka ba? To daga yau har Juma'a, kowa shi ɗauki butarshi shi zo nan. Simintin ba gudu zai yi ba."

Haka aka yi. Kwana shida, sau biyar a rana, mazan Tungar Halilu suna wuce sabon wurin alwalarsu da suka yi wata guda suna alfahari da shi, su je su tsuguna a ƙasa kewaye da turke, riguna na jan laka. Masu wucewa a hanyar Zurmi suna tsayawa kallo, wasu har suna tambaya ko sabuwar fatawa ce. Da labarin ya shiga cikin gidaje, mata suka fara aiko da ruwan wankin hatsi wanda da awaki ake ba. Gimbiya ta auno gishiri da hannunta ta ba Amadu ya kai. Ranar Alhamis Labbo ya soka sanda a wurin, ta shiga har rabi ta fito da laka.

Ranar Juma'a Rekiya ta zo tun la'asar. Aka rataya asabari a ƙofar bukka, ita da Gimbiya suka zauna daga waje ta gefe, Amadu da Liman suna ciki. Rana ta faɗi, aka yi salla. Labbo ya kunna rediyo ya ɗora abin sauraro, waɗanda ke wurin suka ga kafaɗunsa sun sauka. Ƙaura ta koma bayansa. Abin da ya rage wani shiru ne mai faɗi, da ɗan huci kamar iska a cikin kara, sai ga muryar Tambari ta taso daga cikinsa, siririya amma kowace kalma da ranta.

Ya ce a wata rijiya, tafiyar kwana biyu kafin Dirku, akwai tsoho mai tsaron wurin. Tsohon ya tuna wani Bahaushe direban kamyo, wato babbar mota, mai guntun yatsa a hagu, da masu raƙuma suka tsinto suka kawo. Ƙishirwa ta riga ta yi masa illa. Ya kwana tara a wurinsu suna jinyarsa, ya rasu da safe, a shekarar da ya bar gida. Sun yi masa wanka da sutura, mutum bakwai suka sallace shi, kabarinsa na gabas da rijiyar. Lasin ɗinsa na tuƙi yana hannun tsohon. Kuma a kwana taran nan akwai sunaye uku da bai daina kira ba.

Labbo bai taɓa gaya wa Tambari sunayen 'ya'yan ba, don shi kansa bai sani ba. Ya ce, "Tsaya, Tambari. Kak ka hwaɗa mini. Ga mai su nan."

Ya cire abin sauraron ya miƙa ta ƙarƙashin asabari. Gimbiya ta ɗora wa Rekiya a kan hijabi ta riƙe mata. Waɗanda ke cikin bukka ba su ji abin da aka ce ba. Muryar Rekiya kawai suka ji, ƙasa-ƙasa, tana amsawa kamar mai karɓar karatu.

"Murtala. Hamida. Muhsina."

Sannan ta ce, "Allah shi jiƙanka, Sodangi. Allah shi gahwarta ma." Ta faɗa ta sake faɗa, kuka ya zo ya tarar da ita tana faɗa. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Alƙali ba ya hukunci da muryar rediyo, kuma Labbo ne ya fara faɗin haka. Amma da aka kai masa labari ya dakatar da maganar wa'adi har a ji daga shaidu. Bayan wata biyu mutum biyu cikin waɗanda suka yi jana'izar suka biyo motocin Maraɗi, da lasin ɗin a naɗe cikin ƙyalle. Alƙali ya saurare su, ya duba littattafansa, ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, tata ta wuce tun shekarar farko, babu komai a kanta. Amadu ya ce da ƙanwarsa ta ji haka sai ta tambaya, "Allah shi gahwarta Malam, wato na yi ta ban sani ba?" Shekara biyar ba ta sa lalle ba, ba ta sa kwalli ba, ba don wani ya hana ta ba.

Yanzu mutane na cewa wayar salula ce ta fara shigowa shi ya sa Malam Labbo ya naɗe tasa. Ba haka ba ne. Kunnensa ne ya tafi. Likita ya ce shekaru ne da yawan ƙara. Gimbiya ta ce ita ba ta musu da likita, amma ta san bazarar da abin ya fara.

Ranar da aka sauke wayar daga kan sanduna, Rekiya ta zo daga Shinkafi da 'ya'yanta uku. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, na zo in yi godiya. Wancan karon kuka bai bar ni ba." Ya dube ta yana murmushi. Ta ɗaga murya ta sake faɗa. Ta faɗa karo na uku har maƙwabta suka leƙo. Ya gyaɗa kai da fara'a ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ya ruwa can wajenku?"

To Malam Labbo, karatun boko dai ka iya shi, kuma idonka garau yake. Shi ya sa aka rubuta. Kai ne ka zauna cikin ƙara har ta cinye maka kunne don wata baiwar Allah ta san addu'ar da za ta yi. Kai ne ka hana a fasa aikin mutane don naka ya yi kyau. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu karatu, kowa a cikinku yana da wanda ke magana ƙasa-ƙasa a kusa da shi, ba a jin sa don hayaniya. A yi ƙoƙari a saurare shi, ko da zai ci lokaci. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta Ƙaura, ya tsaya ya kai wa dattijon nan wannan takarda, ya nuna masa wannan layin da yatsa: Baba, Rekiya ta ce ta gode.